Na Ɓata Manhajar Amarya Don Baba Ya Ci Gaba Da Kirana

Malama, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, domin na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina. Kada ki sa sunana. Ko a gidanmu ba a kiransa, ƙannena Yaya suke ce min, Baba kuma Uwata.

Ni ce babba a wurin mahaifinmu. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tafiyar awa huɗu daga gida, don haka sai wata-wata nake leƙa shi. Baba ya koyar a kwalejin horar da malamai fiye da shekara talatin. Ya yi ritaya, amma ɗalibansa na da ba su bar shi ya huta ba. Wannan ya turo masa babi guda, wancan ya turo kundin digirinsa gaba ɗaya, a duba masa. Tun rasuwar mahaifiyarmu wannan aikin ne ke ɗebe masa kewa. Da idonsa ya fara rauni na saya masa babbar waya mai faɗin fuska don ya riƙa ƙara girman rubutu, shi kuma ya raɗa mata suna allona. Ni na zaɓa masa manhajar buɗe takardu. Na ɗauko wadda ta fi suna, ta fi tarin abubuwa, don a ganina Babana ya wuce a sa masa ƙaramin abu.

Malama, manhajar nan ba ta da kunya. Kafin ta nuna maka takardarka sai ta nemi ka yi rajista. Kana tsakiyar jimla sai akwati ya faɗo kan rubutun, wai ka gwada sabon abu na kwana bakwai. Ka rufe wannan, wani ya leƙo daga gefe yana tambaya ko kana so a taƙaita maka takardar. Ga roƙon tauraro biyar kullum. Duk lokacin da ta sabunta kanta kuma sai ta kwashe maɓallan ta sauya musu wuri, kamar wanda ya shiga ɗakinka ba ka nan ya juya maka gado. Baba maroƙin nan yake ce mata. Ya kira ni ya ce: "Uwata, maroƙin nan ya dawo. Wai zai taƙaita min aikin yaro. Ki gaya masa shekara talatin ina karanta shirmen ɗalibai da idona, ban taɓa neman ɗan aike ba."

Haka yake kirana sau biyu, wani lokaci sau uku a yini. Sai in cire safar hannu, in fita baranda kusa da taga inda waya ta fi kamawa, in ce masa duba sama ta hannun dama, akwai ɗan gicciye fari-fari, danna shi. In ya danna sai ya yi ajiyar zuciya, sannan ya tambaye ni ko na ci abinci, ya ba ni labarin maƙwabcinsa da ya sare bishiyar bakin ƙofa, ya yi min faɗan rashin hutu. Ina komawa ciki sai in ce wa abokan aiki tsohon nan zai kashe ni da kira. Yanzu na gane ba ƙorafi nake yi ba, taƙama ce.

Sai matar ƙanena ta shigo cikin lamarin. Amarya muke ce mata har yau, ko da yake ɗanta ya fara tafiya. Suna zaune gida ɗaya da Baba, tana koyar da lissafi a makarantar sakandare. Wata rana ta kai masa shayi ta tarar da shi yana huci, manhajar ta kulle masa gyaran da ya rubuta a gefen shafi goma sha biyu, ta ce sai ya shiga da kalmar sirrin da ya manta. Ya kira ni ban ɗauka ba, ina cikin taro. Amarya ta zauna, cikin minti goma ta sa masa wata 'yar ƙaramar manhaja. Tana buɗe takarda, tana tuna shafin da ka tsaya, tana barin ka rubuta a gefe. Shi ke nan aikinta, ba ta magana.

Daga ranar wayata ta yi tsit. Kwana goma sha ɗaya, Malama, ina ƙirgawa. Har kashe ta na yi na kunna ko matsalar layi ce. Da na gaji na kira shi, muryarsa fes, ya ce: "Ai Amarya ta raba ni da maroƙin nan. Yarinyar nan Allah ya yi mata kai. Ga shi kin huta da fitinata." Sannan ya rubuta a zauren saƙon iyalinmu cewa 'yarsa ta warkar masa da allo. 'Yarsa! Ni da na saya masa allon, ni da na yi shekara biyu ina rufe masa akwatuna daga nesa, ko sau ɗaya bai taɓa rubuta ni a zauren ba. Kowa ya yi ta sa mata albarka, ni ma na tura hoton tafi, zuciyata kamar ta tsage.

Ga abin da na aikata. Na sake kiransa na ce, Baba, irin waɗannan ƙananan manhajoji na kyauta su ne ke satar bayanan mutane, aikin ɗalibanka zai iya fita duniya. Wallahi ko sunan manhajar ban sani ba a lokacin. Baba kuwa amana ya ɗauki takardar ɗalibi. Ya ce to. Tun ranar ya rufe allon ya sa a durowa. Ƙanena ya bugo masa kundin ɗalibin da yake dubawa a takarda, yana bi da gilashin ƙara girma, shafi huɗu idonsa ya fara zubar da ruwa. Mai kundin kuma ƙarshen wata zai miƙa aikinsa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kiran Amarya. Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. Cewa ta yi: "Yaya, don Allah ki yi haƙuri, na yi karambani. In kin zo ki nuna min inda na kuskure, kada in sake." Asabar zan je gida, Baba ya ce abin da na yanke shi za a yi. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa in mayar masa da tsohuwar manhajar in bar kaza cikin gashinta, kira ya dawo. Wani yana cewa ni muguwa ce. Me zan yi?

Babbar 'ya mai jiran kira

*

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga muguwa a cikinta ba. Muguwa ba ta ƙirga kwana goma sha ɗaya tana duban waya. Na ga 'yar da ke nesa da ubanta, wadda ƙofa ɗaya ta sani ta shiga wurinsa, aka wayi gari wata ta rufe ƙofar da kyakkyawar niyya. Kishinki yana da dalili. Shekara biyu kina hidima ba a rubuta ki ba, wata ta yi minti goma an sa mata albarka a gaban kowa. Wannan yana da ciwo, kuma ba zan ce miki ba shi da shi ba.

Amma ki dubi wa ke biyan kuɗin wannan kishi. Ba Amarya ba ce kawai. Idon Baba ne ke ruwa, kuma wani bawan Allah da bai san da ke ba yana can yana jiran kundinsa. Don haka kada ki jira Asabar. Yau ki kira Baba ki ce masa kin yi magana ba tare da kin bincika ba, ya fito da allonsa. In kina da ƙarfin hali ki ƙara da dalilin: kin yi kewar kiransa ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron uzurin ɗalibai ya ji wanda ya fi wannan, kuma ina kyautata zaton dariya zai yi kafin ya yi faɗa. Bayansa ki kira Amarya. Ta ba ki haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba, ki mayar mata da haƙurinta, kuma ki wanke ta a wurin da maganar ta kai.

Game da manhajar, tsoron da kika ƙirƙira ba a kan iska yake gaba ɗaya ba, akwai ƙanana marasa gaskiya kamar yadda akwai manya marasa kunya. Sai dai ba a gane su da girma. Ranar Asabar ku zauna ke da Amarya ku duba tare. Daga ina ta sauko da ita, wurin da aka sani ne? Me take neman izinin taɓawa? Mai buɗe takarda fayil kawai take bukata, in kun ga tana neman lambobin mutane ko kyamara ko inda mutum yake, ku sallame ta. Ku kashe data ku gani ko za ta buɗe kundin, ku kuma tabbatar gyaran da Baba ya rubuta a gefe yana tafiya tare da fayil ɗin in ya tura wa ɗalibi. In ta haye wannan, ku bar masa ita. Manhajar karatu kamar fitila ce, wadda ta fi kyau ita ce wadda mai karatu ya manta tana wurin. Taki ta faɗi ne tun ranar da ta kulle wa malami rubutun hannunsa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya zaɓi abu ya zo bai dace ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi damuna. Kin lissafa min duk akwatin da ya taɓa faɗo wa Baba, amma ba ki faɗa min ko layi ɗaya na abin da yake karantawa ba. Ina zargin ba ki taɓa tambayarsa ba. Ki lura da kalmarsa, cewa ya yi kin huta da fitinata. Wato shi ma a ganinsa sai da dalili yake da ikon kiranki, dalilin ya ƙare, ya ja da baya don kada ya dame ki. Ku biyu kuna zaune kowa yana jiran uzuri. Ke ce ƙarama a tsakaninku, ke za ki fara. Ki ware lokaci a hutun rana, ki kira shi ki ce, Baba, yaron nan me ya rubuta, kuma ina ya yi shirme? Ki tanadi kujera kafin ki tambaya, don tsohon malami ba ya amsa wannan a tsaye.

Allah ya ƙara wa Baba lafiyar ido, ya sanyaya zuciyarki, ya kai ki gida lafiya ranar Asabar da fuskar da za ki iya duban kowa.