Kada Kamalu ya sayo ruwan gora

Lyon, Afrilu 2013

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ina gwiwar Baba? Ina su Sabuwa da ƙanena Kamalu?

Ni lafiya lau nake, karatu yana tafiya. Aikin da nake yi a babban kanti ne ya ɗan taɓa mini baya, don wuni nake ina ɗaga ɗaurin ruwan gora, amma da sauƙi yanzu.

Josiane, 'yar Kanada da muke gida ɗaya, ita ta ga ina tafiya a sunkuye. Na ce mata ba komai, ta ce da komai. Ta ja ni zuwa ƙungiyar ma'aikata, ina ta tsoron kora. Ba a kore ni ba, Inna, wurin karɓar kuɗi aka mayar da ni, har da kujera.

Yarinyar akwai faɗa. Ta ce a garinsu wani kamfani ne yake zuƙe ruwan ƙasa, ya ɗura a roba, ya sayar wa masu garin. Shi ya sa ruwan famfo kawai take sha. Da na gaya mata a Damagaram ruwa ake fara miƙa wa baƙo kafin a tambayi sunansa, sai da idonta ya ciko.

Tare za mu zo hutu in Allah ya yarda. Roƙona ɗaya, kada Kamalu ya sayo ruwan gora don karrama ta. A tafasa na gida, a zuba a randarki, ki miƙa mata da hannunki.

A sa mu a addu'a.

'Yarki,
Ruwaida