Kifin Baban Hauwa

Yaya Maryama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta?

Ni da Hauwa lafiya muke a Akokan, kada ku damu. Na fita takaba ranar Laraba. Kin ce mu dawo Damagaram, amma akwai arowana, dogon kifin nan da ubangidan marigayi Baban Hauwa ya bar masa cikin akwatin gilashi lokacin da aka rufe ramin yuraniyom. Tun rasuwar, kifin bai ci abin kirki ba, kuma hanyar Agadas za ta kashe shi.

Jiya ya taso ya karɓi fara daga hannuna. Na zauna ƙasa na yi ta kuka har la'asar.

Ki ba Inna haƙuri, ta ƙara min wata guda in samo masa mai riƙo. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Zinatu