Tarar da ta zo da sunana

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya sani Allah na kallonsa. Rim, da ke nake. Mayar da shi inda kika ɗauko.

Lahadi, 9 ga Safar
Saƙo ya shigo wayata: an ci ni tara, wai motata ta tsaya a wurin ajiye motoci na wata kasuwa a unguwar Rusaifa ba a biya ba. Motar da sunana take, amma babban ne ke tuƙa ta, yana kai wa mutane masa da kunun da nake yi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ko a takarda. Haka muka taso.
Ya ce na'urar biyan kuɗin wurin ce ta ƙi karɓar kati, ana cikin haka aka ta da iƙama, ya bar ta ya shiga masallaci. "Wallahi ya Ummi..." Na ce halas, ya isa, kada ka jawo sunan Allah cikin sakacinka. Yaran yanzu, kowane laifi na na'ura ne. Na karɓe makullin.

Litinin, 10 ga Safar
Wai ana iya kai ƙorafi a soke tarar, amma sai mai motar da kanta. Wato in je in shaida abin da ban gani ba. Ba da ni ba.

Laraba, 12 ga Safar
Ya daina cin abinci da mu. Yana gaishe ni ya wuce, gaisuwa irin ta maƙwabci.
Ƙanwarsa Rim ta ce, "Ummi, ba ke kika ce in an ta da iƙama ko tukunya na ƙonewa a bar ta ba?" Na kore ta wankin kwanuka. Amma ni na faɗa. Tun suna ƙanana nake faɗa.

Alhamis, 13 ga Safar
Na je kasuwar sayen gero. Gero kawai. Tunda na'urar na kan hanya, na sa katina. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sai fuskarta ta yi baƙi. Dawuda mai tsire, da shagonsa ke kallonta, ya fashe da dariya. "Hajiya, wannan ai ta fi kakata rigima. Ran Lahadi ɗanki ya yi ta lallashinta har liman ya yi kabbara. Kafaɗa da kafaɗa muka yi la'asar."
Na dawo gida babu geron.

Asabar, 15 ga Safar
Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, kunya ce. Inna ba ta taɓa yabon yayanmu ba har ta rasu. Ko abin ya yi masa ciwo? Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Lahadi, 16 ga Safar
Ofishin masu wurin ajiyar. Babban ne ya raka ni, yana tsaye a bayana. Ma'aikaciyar ta ce wa ke tuƙi ranar? Na ce yaron gidana.
"Direbanki?"
Na ce a'a.
"Hajiya, suna nake so."
Na ce Rakan. Na ce ɗana ne, kuma ba ya ƙarya. Wannan na ƙarshen ba ta tambaye ni ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce za su duba na'urar, su aiko da saƙo.
A cikin tasi ya yi ta kallon titi yana murmushi kamar wani sakarai. Na ce ya gyara zama.

Talata, 18 ga Safar
Har yanzu ba saƙo. Su soke ko su bari, ruwansu.
Na ajiye makullin a gefen farantinsa. Ba haƙuri na ba shi ba, masa ce ba ta kai kanta. Ya ci har ya nemi ƙari.
Kafin a tashi na kafa doka. Rim ta ce, "Har da ke, Ummi?" Na ce ban cire kowa ba. Daga yau, a gidan nan, in mutum ya fara da "wallahi", ba mai katse shi sai ya kai ƙarshen maganarsa.