Ta Ce Ja, Ni Kuwa Na Ja

Assalamu alaikum Hajiya Ruƙayya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar, don abin ya hana ni sukuni, kuma duk wadda zan faɗa wa a unguwarmu dariya za ta fara yi.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Makka, muna zaune a unguwar Mansur. 'Yata ta fari, mu kira ta Lujain, a nan aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce. Yarinya ce mai hankali, abu ɗaya ne tsakanina da ita: ba ta yi mini Hausa. Tana ji sarai, amma in na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na gaji na bar wa Allah.

Bara likita ya ce sukarina ya hau, sai na riƙa motsa jiki. Lujain ta ce in bi ta nadinsu, wato kulob ɗin mata masu tuƙa kwale-kwale a Jidda. Ni da ko a dam ɗin Tiga ban taɓa shiga ruwa ba. Ta nace, na bi ta, duk Asabar bayan sallar asuba mu kama hanya. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin abin. A gida kowa na kan wayarsa, amma a jirgin nan 'yata tana dubana tana yi mini magana, ko da umarni ne.

Mu huɗu ne masu filafili, kuma duk mun juya wa inda za mu baya. Lujain ce ke zaune tana fuskantarmu, ita ke riƙe da akalar jirgin, ita ce idonmu, abin da ta ce shi za a yi. Ni ce a bayan kowa, ba mai ganin abin da nake yi sai ita.

Asabar da ta wuce muna cikin tafiya, ruwa lafiya lau, sai na ga ta zaro ido ta ɗaga murya: "Ja! Ja!" Hajiya, tun yarinyar nan tana firamare nake jiran ranar da za ta yi mini Hausa a gaban mutane. Daɗi ya rufe ni, na dafe ƙafa na ja da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Sauran ukun kuwa tsayawa suka yi cak. Ashe Larabci ta yi. A Larabcinmu na nan "ja" na nufin "ya zo", wani jirgin masunta ne mai inji ya yanko ta gabanmu. Na san kalmar, kullum ina faɗinta, amma ran nan kunnena Hausa ya ga damar ji.

Da yake ni kaɗai na ja, kuma ta gefe ɗaya, jirginmu ya karkace ya gogi na masuntan. Filafilina ya karye, abokiyar tuƙinmu Hadil ta faɗa ruwa. Rigar ceto ta ɗago ta, masuntan suka ciro ta, ba abin da ya same ta sai ruwan gishiri da ta sha. Tawa rigar ina zaune a kanta, saboda kujerar tana da tauri. Kafin mu kai gaɓa na lallaɓa na saka.

Filafilin ma da magana. Na nadi ne, na kowa da kowa, amma shi ya fi zama mini a hannu, sai na ɗaura masa ƙyallen atamfa, in na zo kuma in karɓe shi ko a hannun wa na gan shi. Suna ganin girmana, ba wadda ta taɓa hana ni. Shi ne ya yi ta yawo a kan ruwa da ƙyallena a jiki.

Har muka fito ban gane ba. Ana goge Hadil da tawul, ni kuma na matsa kusa da Lujain na sa mata albarka, na ce yau ta yi Hausa. Ta dube ni kawai. A mota ta yi mini bayani a taƙaice, da Larabci.

Yanzu Malama Wafa mai horar da mu ta ce za a zauna ran Asabar, kuma da alama za a karɓe akalar daga hannun Lujain, matsayin da ta daɗe tana nema. Kowa ya ɗauka ita ta murɗa jirgin ba daidai ba, ita kuma ta ce haka ne, ba ta ambace ni ba. In na yi magana labarin sai ya riga ni zuwa Mansur, wataƙila ma a sallame ni. In na yi shiru 'yata ta rasa abin da take so. Ni dai a ganina ba laifina ba ne kacokan, ai ja ta ce. Yaya zan yi?

Mai Filafili Mai Ƙyalle, Makka

Wa alaikumus salam Hajiya.

Da farko mu gode wa Allah da Hadil ce ta faɗa ruwan ba ke ba, don rigar ceto ba ta aiki daga ƙarƙashin mutum.

Kina da gaskiya ta wani gefen. Mai riƙe da akala umarni take bayarwa, ba labari ba. Lujain ta ga jirgi ta sanar da ku ya zo, alhali "ku tsaya" ya kamata ta ce. Wannan kuskurenta ne, kuma gyararre ne. Amma ba ita ta murɗa jirgin ba, ke kika murɗa shi, kuma duk nadin ku biyu kaɗai kuka sani. Ta ɗauki laifin ne don kada a yi wa uwarta dariya. Bai kamata ki bar mata shi ba.

Kada ki jira Asabar. Ki kira Malama Wafa yau, ki faɗa mata komai, har da zancen rigar. Za ta yi dariya, ni ma na yi, kuma ba abin da zai ragu a jikinki. Ba na jin za a sallami wadda ta kawo kanta. Ki roƙa a tsayar da kalma ɗaya ta tsayawa wadda kowa zai haddace, don ba ke kaɗai ce mai yare biyu a kai ba. Ki kuma ba Hadil haƙuri da bakinki.

Riga a jiki ake sa ta, a ɗaure. In kujera ta yi tauri ki taho da matashi daga gida. Filafili kuwa wanda kika samu shi ne naki na ranar, ƙyallen kuma ki kwance shi ya koma gida. Shirun da suke yi miki kunya ce, ba yarda ba.

Sannan ki zaunar da Lujain ki gaya mata dalilin da ya sa kika ja da irin wannan ƙarfi. Ina zaton ta san kina faɗa a kan Hausa, amma ba ta san kina kewarta a bakinta ba. Ki daina neman Hausar a kan ruwa, can rai ake tsarewa. Hanyar Jidda doguwa ce, ta ishe ku. Ki roƙe ta kalma ɗaya duk Asabar, kuma ki fara da "tsaya".

Allah Ya ƙara lafiya, Ya bar akala a hannun Lujain, Ya kai ku gaɓa lafiya.

Hajiya Ruƙayya