Hayaƙi a Indararon Gidanmu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau.

Aikinmu shi ne gano inda ruwan sama ke kutsawa cikin tsofaffin bututun ƙazanta har su yi ambaliya. Mukan hura hayaƙi ciki, mu ga inda zai ɓullo. Jiya ya ɓullo ta indararon gidan da nake haya. An haɗa shi da bututun ke nan, kuma doka ta hana.

Tsohuwar mai gidan ta ce, "Ɗana, ai ba ka ga komai ba, ko?"

Na gani, kuma na faɗa wa shugabanmu. Tsohuwar ba ta ce in tashi ba tukuna. Kwanon abincin da takan ajiye mini ne dai ban tarar ba yau.

Ka ce wa Inna ina cin abinci sosai.

Ƙaninka