Bas Ɗin Yonehara a Ranar Rakiyar Mamata

Kobe, 3 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Uto,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan zafin bana bai takura miki ba, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Na rubuto ne don na san ko na buga waya ba ji za ki yi ba.

Yara sun yankar min tikitin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wai zaman kaɗaici ya yi min yawa tun rasuwar ƙanenki Seikichi. Zai tsaya a tsibirin Ishigaki ranar 28, daga tara na safe zuwa biyar na yamma. Masu jirgin suna da motarsu ta zaga gari, ni ba ruwana da ita. Bas zan hau zuwa bakin ruwan Yonehara. Shekara arba'in da ɗaya yana cewa zai kai ni in leƙa murjani da shuɗayen kifayen nan, kullum "baɗi, baɗi", har baɗin ta ƙare. Madubin ninkayarsa da bututun numfashin suna cikin jakata.

Ki yi haƙuri, lokaci ba zai bar ni in biyo gida ba.

Taki, matar ƙanenki,
Tomie

Ƙauyen Kabira, 9 ga Agusta

Tomie,

Ina amsawa. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Wai ku mutanen Kobe ba ku duba kwanan wata na gargajiya ne? Ranar 28 ita ce rana ta uku ta bikin Bon, ranar da muke raka mamatanmu su koma. Ko ɗan yaye a tsibirin nan ya san ba a taɓa teku a kwanakin nan. Mamatan da ba su da mai kunna musu turare cikin ruwa suke, ƙafar mutum suke ja. Yi dariya in kin ga dama. Mijin naki da ya fi kowa nutso bai taɓa jiƙa ko dunduniyarsa a Bon ba.

Ke kin ma iya ruwa ne? Yonehara akwai igiyar ruwa da ke fizgar mutum zuwa tsakiyar teku. Bas ɗinmu kuma ba irin naku ba ne mai zuwa kamar ruwan famfo. In na ƙarfe biyu ya wuce ki, jirginki ma ya wuce ki.

Haba Tomie! Bas ɗin nan ta ƙofar gidana yake bi. Allon sunansa yana kan kantar magabata, kuma wannan ne Bon ɗinsa na farko. Ki sauka ki kunna masa turare kamar mutanen kirki.

Yayarki,
Uto

Kobe, 17 ga Agusta

Yaya Uto,

Gaisuwa da ban girma. Na san ranar, ai ni na zaɓe ta. Idan akwai ranar da zai bi ta ruwan nan, wannan ce.

Kada ki damu da bas ɗin dawowa.

Ki huta lafiya,
Tomie

Kabira, 29 ga Agusta

Tomie,

Ban san ko akwai mai buɗe wasiƙar nan ba.

"Kada ki damu da bas ɗin dawowa." Tun da na karanta wannan abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Jiya na yi abin da ko uwata ba ta taɓa yi ba: na jera wa magabata abincinsu, na bar su su kaɗai a ranar rakiya, na ja ƙafata na hau bas ɗin safe don in riga ki isa. Direban har cewa ya yi, "Baba, yau kuma iyo za a je?" Na ce ya kula da hanyarsa.

Na zauna a gindin bishiya ina kallon ruwa. Wasu baƙi huɗu sun shiga da bututunsu, na ƙirga su suna shiga, na ƙirga su suna fitowa. Bas ya zo ya wuce, ba ke. Na ce ko ta wata hanyar kika sauko, na bi gaɓa ina kwaɗa miki kira kamar mahaukaciya. Sai a bas ɗin ƙarshe na haƙura.

Da na dawo gida na tarar an kunna turare uku a gaban allonsa, sun ƙone ƙurmus. Kwanon miyar da na ajiye a kicin an shanye, an wanke, an kife. Maƙwabta sun ce ba su ga shigar kowa ba. Tomie, a ranar nan na san su waye ke shiga gida ba a gan su ba.

In kina raye ki rubuto, ko layi ɗaya ne. Tsoro nake ji.

Uto

Kobe, 4 ga Satumba

Yayata,

Ina gaishe ki, kuma ina neman gafara. Ni ce, da ƙafata na shigo.

Ba zan ɓoye miki ba, na hau bas ɗin ban san ko zan dawo ba. Kowa a ciki riƙe yake da ƙunshin abinci, ni kaɗai ce da madubin ninkaya. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Ke kuma gidan wa za ki?" Sai na ji bakina ya ce gidan Uto. Ta miƙa hannu ta danna min ƙararrawar sauka da muka iso Kabira.

Kunya ce ta hana ni barin takarda. Na tsaya gaban allon Seikichi na ce masa ya yi gaba, ni da saura.

Miyarki gishiri ya yi yawa.

Taki har kullum,
Tomie