Awon da Ka Ƙi, Ni Na Yi

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, shi ya sa zan faɗi abin da bakina bai iya faɗa a gabanka ba.

Gida lafiya. Masarar bana ta yi kyau, ɗanka Bashir ya riƙe gonar bakin rafi yadda ba ka zata ba.

Har yau ina fushi da kai. Sau nawa kanka ya sara na ce mu je a auna jininka, ka ce gajiyar noma ce, ka aika kemis a sayo maka ƙwaya? Ranar da ka faɗi a wurin casar masara, likita ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe a jikinka. Awon da bai kai tsawon alwala ba, Malam! Me ya fi ƙarfinka a ciki?

Ina fita takaba na hau Keke Napep zuwa asibiti a Malumfashi, ba tare da komai na mini ciwo ba. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi shekaruna, na ce na haura arba'in. Ta ce mace mai shekaruna ana duba mata jini da sukari da nono da bakin mahaifa. Na ce a duba duka. Aka ga wani abu a bakin mahaifar tun bai zama ciwon daji ba, aka yi maganinsa. Da na koma, babu shi.

Yayanka Alhaji Sale ya zo har zaure ya ce na zubar da mutuncin gidanku, wai mace lafiyarta lau ta kai kanta a buɗe ta, rashin tawakkali ne. Na tambaye shi, feshin da yake yi wa gonarsa tun tsutsa ba ta fito ba, shi ma rashin tawakkalin ne? Ya kaɗe riga ya fita. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata. Duk da haka na tura Bashir ya gaya masa, namijin da ya wuce hamsin yana yawan fitsari irin nasa, a duba shi ya kamata. Bai je ba. Matarsa Hajiya Lami kuwa ta je, tare muka hau Keken, mayafinta har hanci. Bashir ma na sa an auna jininsa, yana ta gunaguni da muryarka sak.

Su yi ta magana. Idan Allah ya kira ni zan amsa, amma kunyar mutane ba za ta kai ni kabari ba. Bikin autarmu Hadiza bayan Babbar Salla ne, kuma in sha Allahu da hannuna zan haɗa mata kayan ɗaki.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka taurin kanka. Sai mun zo, amma ba na sauri.

Matarka, uwar 'ya'yanka,
Rabi